Ranar da Na Kira Sunan Inna a Lambun Wardi

Akwai hoton nan da ke rataye a falonmu na Tsinga, wanda yayarku take zaune a cinyar wata mata mai dogon wuya, furanni a bayansu. Na sha jin kuna nuna wa 'ya'yanku kuna cewa ga matar da ta so ta sace Yaya, kuna ƙyalƙyala dariya. Babanku ne ya koya muku wannan, Allah ya jiƙansa, shi komai a wurinsa abin ba da dariya ne. To daga yau ku bari. Matar nan Goggo Asabe ce, yayar babanku uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ko allurar wani ba ta taɓa ɗauka ba. Ni ma ba jarumar da kuke zato ba ce. Har yau idan na tuna abin da ya faru a lambun nan da kwanakin da suka biyo baya, sai in ji kamar in ja mayafi in rufe fuskata, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Zamanin shugaban ƙasa na farko ne, lokacin da kowane shago ka shiga sai ka ga hotonsa a bango. Muna gidan gado a unguwar Briketeri ta Yawunde, can bayan masallaci, gidan kwano mai ɗakuna a jere, tsakar gida jar laka da zarar an yi ruwa, da yamma kuma hayaƙin masu tsire ya cika ko'ina. Kakanku dillalin shanu ne a kasuwar Etudi, ya rasu kafin a kawo ni, don haka gida yana hannun Inna, kakarku. 'Yar ƙaramar mace ce, ba ta ɗaga murya, amma idan ta yi gyaran murya a ɗakinta har keken ɗinkin babanku da ke zaure sai ya tsaya. Ba ta zalunce ni ba, kada wani ya ce na faɗa. Ita ta yi mini wankan jego da hannunta, ita ta hana ni daka har na yi arba'in. Da na haifi yayarku aka sa mata sunan Inna, gida kuma ya koma kiranta Uwani, don ba wanda zai buɗe baki ya faɗi sunan uwar gida.

Ku da kuke ɗaga 'ya'yanku na fari kuna sumbata a gaban surukai, kuna kiransu da sunaye iri-iri kamar na 'yan kyanwa, dole in yi muku bayani. A namu zamanin, ɗan fari ba naka ba ne a idon mutane. Ba ki faɗin sunansa, ba ki yi masa wasa, idan ya faɗi ya fasa baki sai ki kau da kai har wani ya ɗauke shi. Ko Uwanin ma ba na faɗa. Sai dai in ce ke, ko waccan, ko yarinyar nan. Mace da wannan ake auna ta, kuma ni an shaide ni, har Inna tana ba da misali da ni a gidan biki tana cewa Ladi ko kallon inda yarinyar take ba ta yi. Ina jin daɗin yabon kuwa, ba zan ɓoye muku ba. Abin da ba wanda ya sani shi ne, idan na shiga da ita bayan ɗaki wanka, ko gida ya watse an tafi suna an bar mu, nakan sa bakina a kunnenta in kira ta da sunanta na yanka. Ita kuma ta ce na'am, mu yi ta dariya ƙasa-ƙasa. Na ce mata wasanmu ne mu biyu, kuma yarinyar ta riƙe.

Goggo Asabe tana aure a Ngawundare, shekara da shekaru ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Tun ina da ciki Inna ta yi mata alkawari, idan mace ce, da an yaye ta tata ce. Ba wanda ya tambaye ni, kuma da an tambaye ni ma da an ci mini fuska, wa ke tambayar mace ra'ayinta a kan 'yar fari? Babanku ne ya yi ta ja da maganar, yau ya ce ƙyanda ta shigo gari, gobe ya ce damina ta ɓata hanya, har yarinya ta yi wayo tana zuwa aike maƙwabta. Da Goggo ta gaji da saƙo ta bakin direbobi, bayan Babbar Salla sai ga ta da kanta. Wallahi na so in ƙi matar nan, na nemi abin ƙi a jikinta ban samu ba. Tana da sanyin hali, Hausarta ta gauraya da Fillanci saboda zaman can, kuma tun ranar da ta sauka ita ke yi wa yarinyar tsifa da kitso, ita ke ba ta abinci a baki. Ni ina daga madafa ina leƙe, ina hura wutar da ba ta mutu ba.

Ana saura 'yan kwanaki su tafi, babanku ya zo da wata sabuwa. Ya ce lallai a je lambun gwamnati da ke tsakiyar gari, wanda shi yake kira jardan da ɗan Faransancinsa na lekol, wato makarantar boko, wai akwai mai hoto a wurin, a ɗauki Goggo da yarinya, ta ga gari kuma. Inna ta ce ita ba ta ga abin zuwa kallon ciyawa ba, amma saboda baƙuwa ta yarda. Da ya ce har da ni, ta ce ina ruwan Ladi da yawo. Ya ce ai sai an sami mai riƙe kwandon abinci. Ni na san dalilinsa. Hoton don ni yake so a yi, kuma yana so in gani da idona ana ɗauka, amma shi ma ba abin da zai iya faɗa a gaban uwarsa ba ne. Muka cika taksin wani Ɗanjuma, ɗan unguwarmu, mai bakin da ba ya rufuwa.

Ban taɓa ganin wuri irinsa ba. Ni wardi a kwalba na san shi, wanda ake shafa wa amare da tufafin Juma'a, ban taɓa kawowa a raina cewa wata 'yar bishiya ce mai ƙaya ba. Ga su nan layi-layi, ja da fari da ruwan ƙwai, wasu sun kai ƙirjina, an zuba tsakuwa a tsakaninsu ta bin ƙafa, ƙamshin kuma ba ya hawa kai kamar na kwalba. Matan Turawa na tura jarirai a keke, 'yan kudu mata da miji suna tafe hannu cikin hannu ko a jikinsu, ni kuwa sai sunkuyar da kai nake kamar ni na yi. Inna ta tsaya ta ƙare wa wurin kallo, ta ga wani yana ta ban ruwa, ta ce:

"Duk wannan fili da ruwan nan, a ce babu ganye ɗaya da zai shiga miya."

Har Goggo sai da ta yi dariya. Mai hoton wani ɗan kudu ne da akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Ya jera mu a gaban jajayen furanni, sannan ya tambaya da Faransanci wace ce uwar yarinyar, ta zauna ta ɗora ta a cinya. Babanku ya dube ni, ni na dubi yatsun ƙafata, Inna kuwa ta nuna Goggo da haɓa. Haka aka ɗauka, ina gefe rungume da kwando. Ban san zuciya tana iya yin zafi haka mutum yana tsaye ƙalau ba.

Bayan nan babanku ya dage sai an ɗauki Inna ita ma, ita kuma ta ce ba mai cusa ta cikin akwati, aka tsaya ana ja-in-ja, Goggo na gyara mata mayafi. Da aka waiwaya, babu yarinya. Furannin sun fi ta tsawo, hanyoyin kuma duk iri ɗaya ne. Babanku ya bi nan yana Uwani, Goggo ta bi can tana Uwani, shiru. Ya taka cikin furanni, mai gadi ya busa masa usur yana ta faɗa. Ni fa? Ina zaune a kan benci kusa da Inna, hannuwana cikin mayafi, don abin da uwar 'yar fari za ta yi ke nan. Ina ganin ƙofar lambun a buɗe, ina ganin babban titi a gabanta motoci na wucewa da gudu, ina zaune. Farcena ya shige tafin hannuna ban ji ba sai daga baya. Inna ma ta kasa zama, ta miƙe tana salati. Ana cikin haka sai ga ƙarar birki daga titi, mai tsawo, da ihun mutane.

Ban san na tashi ba. Kwando dai na ji ya faɗi. Zan rubuta sunan sau ɗaya, don ku san abin da ya fito daga bakina, da muryar da ni kaina ban san ina da ita ba:

"Rakiya!"

Inna ce ta fara juyowa. Tun mutuwar iyayenta ba mahalukin da ya kira ta haka, ga shi yau surukarta ta ƙwala shi a tsakiyar Yawunde, a gaban Turawa da mai gadi da mai hoto. Kafin kowa ya yi motsi sai muka ji 'yar murya daga ƙarƙashin wata bishiyar wardi, ba nisa ma da bencin, ta ce na'am. Ashe tsoron mutumin da ke shiga baƙin ƙyalle ne ya sa ta ɓuya, tana jin ana kiran Uwani ta yi lamo. Ta rarrafo ta fito, ƙaya ta kakkarce mata hannu da goshi, ta wuce Goggo da ta buɗe mata hannuwa, ta wuce ubanta, ta zo ta faɗa jikina. Ni kuma, tir, maimakon in ture ta wurin Goggo, sai na ɗauke ta na ƙanƙame, ina share jinin da bakin mayafina, ina kuka da majina kamar ƙaramar yarinya. Birkin da muka ji, wani mai keke aka kusa bugewa, ko ƙwarzane bai yi ba. Da hankalina ya dawo na ga kowa tsaye yana kallona, na so ƙasa ta tsage. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta dubi yarinyar, ta dube ni, ta ce a hankali:

"Ashe ta san sunan."

Wannan ya fi mari. Da ihun kaɗai ne sai a ce firgita ce, ana yafe wa mai firgita. Amma yadda yarinyar ta amsa ya nuna ba ranar aka fara ba, ya nuna duk kunyar da ake yabona da ita ta tsakar gida ce, a bayan ɗaki sunan surukata nake wasa da shi a bakina. A taksi kuwa Ɗanjuma kunnuwansa a buɗe, dama yana jingine a ƙofar lambun ya ga komai. Kafin la'asar ɗin washegari labari ya gama Briketeri, kuma ya yi ƙiba a hanya. A bakin famfo cewa ake na kira Inna da sunanta na zage ta a gaban Nasara. Yaran unguwa idan sun hango ni sai ɗaya ya ce na'am da siririyar murya, sauran su kwashe da dariya. Na daina fita ko ƙofar gida.

Uwata ta taso daga unguwar Nkomkana a ƙafa, ta durƙusa a gaban Inna tana ba da haƙuri, mace mai furfura, saboda ni. Ina ɗaki ina jin muryarta. Da ta shigo wurina ba ta zauna ba. Ta ce abu ɗaya ya rage da zai wanke ni ya wanke ta, in haɗa kayan yarinyar da hannuna, ranar tafiya in durƙusa in ajiye a gaban Asabe fuskata a sake, kowa ya gani, a san firgita ce ba hali ba. Babanku kuma ya same ni ina tankaɗe ya ce idan ba na so a tafi da yarinyar, in faɗa masa, shi zai tsaya ya ce a'a. Na ce ya rufa mini asiri, idan ya yi haka cewa za a yi na mallake shi, abin ya zama biyu. Na wanke 'yan rigunanta, na ninke, na ƙulle a zane. Da gaske na yi niyyar bayarwa.

Ranar tafiya da hantsi tsakar gida ta cika, maƙwabta sun shigo sallama da Goggo, rabinsu kuwa ni suka zo kallo. Inna tana kan kujerarta, uwata a gefenta, kayan Goggo a ɗaure a bakin zaure. Inna ta ce, Ladi, ga yayarki za ta tafi da 'yarta. Na fito da ƙullin, na durƙusa a gaban Goggo kamar yadda aka ce. Saura in ajiye in ce Allah ya kiyaye hanya. Hannuna ya ƙi saki. Ina jin yarinyar a bayana ta kama gefen zanena, ina jin numfashinta a wuyana. Kaina a ƙasa na ce:

"Inna, ba zan iya ba."

Uwata ta saki salati. Wata a cikin maƙwabta ta tafa hannu. Inna ta juya wurin 'yarta ta ce, Asabe, kin ji. Goggo ta ce:

"Na ji, Inna. Tun a lambu na ji."

Shi ke nan. Ba a yi hayaniya ba, ba wanda ya fizgi yarinya, ba wanda ya kore ni. Amma kada ku ɗauka a banza na same ta. Uwata ta fita gidan ba ta yi mini sallama ba, kuma ba ta sake taka shi ba sai da na haifi na uku. Inna ta ci gaba da cin tuwona, tana amsa gaisuwata, amma ba ta sake aikena ɗakinta ɗauko ko goro ba, kuma idan za ta ba da misali a gidan biki da wata take bayarwa. Na fi son ta zage ni, ba ta taɓa yi ba har ta koma ga Allah. A unguwa an daɗe ba a ba ni riƙon amarya ko wankan jaririn kowa ba, wa zai ba marar kunya? Tashinmu zuwa Tsinga da kuke ji ana cewa don shago ne, ba don shago ba ne, babanku ne ya gaji da ganina a ɗaki. Na san za ku ce ai 'yata ce, me na yi? Ku faɗa, zamaninku ne. Ni ma da za a mayar da ni tsakar gidan nan abin da zan faɗa ke nan, ban taɓa cewa da na sani ba. Amma kunyar tana nan ba ta je ko'ina ba, kuma ba ta famfo ko ta yaran unguwa ce ta fi ci na ba.

Da mutane suka fara zamewa, ina nan durƙushe na kasa tashi, sai Goggo ta je bakin zaure ta kwance ɗaya daga cikin kayanta. Ta dawo da wasu 'yan takalma ja na fata, ɗinkin Ngawundare, sababbi ful. Ashe tun bara ta sa wani direba ya auno mata ƙafar yarinyar da zare, ta ba da aka ɗinka, ta ajiye sai ranar da za su shiga gari tare, ta sa mata a tasha mutanen unguwarsu su gani. Ta gyara ɗaki, ta gaya wa mijinta da maƙwabta tana zuwa da 'yarta, yanzu kuma za ta sauka daga mota ita kaɗai kowa ya tambaye ta. Duk wannan daga baya na ji a bakin babanku, ita ba ta faɗa ba. Ta tsuguna a gabana, ta kama hannuna ta sa takalman a ciki. Idonta a bushe yake, nawa ne ke zuba.

"Da girma na sa aka yi, don ta daɗe tana sawa," ta ce. "Ki cusa ɗan tsumma a gaba."

Ta shafa kan yarinyar, kitson da ta yi mata da hannunta, ta miƙe ta ɗora kayanta a ka, babanku ya ɗauki sauran ya bi ta. Ba ta sake zuwa Yawunde ba, kuma ba a sake ba ta ɗan kowa ba har ta rasu. Na buɗe baki in ce mata Allah ya kiyaye hanya, ko wannan ban iya ba, har ta fice daga zaure.